Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinonin Lafiya na Jihohin Arewa Maso Yamma Kan Ƙarancin Zink da Ciwon Huhun Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma Kwamishinonin Lafiya na jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na ma'aikacin lafiya a matakin farko, a kan wani sinadari mai suna zink, wanda ke cikin jerin magungunan kowane asibitinmu amma aka keɓe shi ga cuta guda. A takardun horar da ma'aikatanmu da kuma a bakin mai bayar da magani, ba a ambaton zink sai an zo maganar gudawa, alhali yaron da jikinsa ya rasa shi yana cikin haɗarin kamuwa da ciwon huhu, wanda iyaye ke kira nimoniya ko sanyin haƙarƙari. Roƙona shi ne ku shigar da batun ƙarancin zink cikin shirin jihohinku na kare yara daga cututtukan numfashi, ku kuma ware masa kuɗi da ma'aikata kamar yadda ake yi wa kowane aiki da aka ɗauka da gaske.

Ƙiyasin da asusun UNICEF da ƙungiyar Save the Children suka fitar ya nuna cewa a shekarar 2018 ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a duniya, har da Indiya wadda ta ninka mu yawan jama'a nesa ba kusa ba. A shekarar 2018 ɗin dai, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ya gano cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a shiyyarmu kuwa adadin ya kai kashi 57, har ma ya haura 60 a Kebbi da Jigawa. Waɗannan alkaluma biyu suna da alaƙa da juna. Gwajin zink a jini yana da tsada, kuma sakamakonsa yana sauyawa idan yaro na zazzaɓi ko bai daɗe da cin abinci ba, shi ya sa masana abinci mai gina jiki suka amince cewa duk al'ummar da tsumburewa ta haura kashi 20 a cikinta, a ɗauka tana cikin haɗarin ƙarancin zink. Mu mun kusa ninka wannan ma'auni sau uku. Gaskiya ne tsumburewa tana da dalilai da yawa, daga yunwa zuwa rashin tsabtataccen ruwa, amma babu wanda ya san abin da yaranmu ke ci da zai yi shakkar cewa rashin zink yana cikinsu.

Duk zink ɗin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, kuma yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana buƙatar kimanin miligiram 3 ne kacal a rana, mai shayarwa kuma kimanin 12. Duk da wannan ƙanƙanta, sinadaran aiki fiye da 300 na jiki ba sa motsi sai da shi, musamman a wuraren da ƙwayoyin halitta ke saurin sabuntawa. Fatar da ta shimfiɗe hanyar numfashi daga hanci zuwa huhu tana cikin irin waɗannan wurare, ita da 'yan ƙananan gashinta masu share majina da ƙura, kuma idan zink ya yi ƙaranci sai ta yi rauni, ƙwayoyin cuta su samu kafar shiga. A bayan ƙashin ƙirjin yaro kuma akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira taimos, inda ake rainon wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Rashin zink yana sa ta motse, sinadarin da take fitarwa ma ba ya aiki sai da zink a jikinsa. Bincike a ɗakin gwaji ya kuma nuna cewa zink yana toshe hanyar da ƙwayar numokokus, babbar mai haddasa ciwon huhun yara, ke bi ta sha sinadarin manganis da take kare kanta da shi. Saboda haka yaron da ya rasa zink ya fi saurin kamuwa, kuma idan ya kamu jikinsa ya fi jinkirin mayar da martani.

Akwai wani abu guda game da wannan sinadari da ya kamata duk mai tsara shiri ya riƙe. Jiki yana da rumbun ajiye bitamin A a cikin hanta, shi ya sa ɗigon da ake yi wa yara sau biyu a shekara a Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara yake ɗaukar su watanni. Zink ba shi da irin wannan rumbu. Abin da yaro ya samu a yau shi zai yi aiki da shi, idan aka yi makonni abinci bai kawo ba, ko gudawa ta kwashe wanda ke ciki, sai garkuwar jiki ta fara sauka ba tare da wata alama da uwa za ta gani ta ruga asibiti ba. Abin da ake gani shi ne yaro ya ƙi cin abinci, ya daina girma, ƙurji ya daɗe bai warke ba, yau mura gobe zawo, har hunturu ya shigo da ƙura da sanyi, a kulle ɗaki a hura wuta, sannan a kawo mana shi yana numfashi sama-sama haƙarƙarinsa na lotsawa. A rajistarmu za a rubuta nimoniya, amma raunin ya soma ne watanni kafin ranar.

Ilimin wannan al'amari bai tsufa sosai ba. A shekarar 1961 ne likita Ananda Prasad, haifaffen Indiya, ya ba da bayanin wasu samari a yankin Shiraz na ƙasar Iran waɗanda suka haura shekara 20 amma jikinsu na 'yan shekara goma, kuma abincinsu kusan gurasar alkama ce zalla, babu nama. A 1963 ya tabbatar a Masar cewa rashin zink ne sanadi, kuma ya lura cewa cututtuka masu yaɗuwa ne ke kashe irin waɗannan mutane tun suna samari. Sai a 1974 ne hukumomin Amurka suka sanya zink cikin abubuwan da ɗan Adam ke buƙata kullum. Ina kawo wannan tarihi ne domin abincin waɗancan ƙauyuka, hatsi safe da rana da dare, bai yi nisa da na ƙauyukanmu ba.

Daga nan aka shiga gwaji a kan yara. A 1999 wata tawagar masu bincike ta tattara sakamakon gwaje-gwajen ƙasashe masu tasowa, ta gano cewa yaran da ake ba zink a kai a kai sun samu raguwar ciwon huhu da kimanin kashi 41 cikin ɗari. A wata unguwar talakawa ta birnin Dhaka a Bangaladash, an ba jarirai miligiram 70 sau ɗaya a mako har tsawon shekara, sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna ciwon huhu ya ragu da kashi 17, kuma yara 2 ne suka rasu a rukunin masu shan zink, 14 a ɗaya rukunin, 10 daga cikinsu sanadin ciwon huhu. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2016, wadda ta haɗa gwaje-gwaje 6 da yara fiye da 5,000 'yan wata 2 zuwa 59, ta sami raguwar sabon kamu da kashi 13. Alkaluman sun bambanta, domin ma'aunin da aka bi wajen tantance ciwon huhu ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma duk gefe ɗaya suka karkata. A jihohin da yara ke mutuwa da yawa irin namu, ko kashi 13 ɗin nan rayuka ne masu yawa.

Wajibi ne in faɗi iyakar abin, domin kada a ɗauki wasiƙata a matsayin tallar magani. Amfanin zink da aka tabbatar yana wajen kariya ne. Da aka gwada ƙara shi a kan maganin yaran da ciwon huhu ya riga ya kama, wani gwaji a Bangaladash a 2004 ya nuna saurin warkewa, amma waɗanda suka biyo baya a Indiya da Nepal da Gambiya ba su ga wani bambanci ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya shi cikin maganin ciwon huhu ba. Yaron da ya kai wata biyu amma bai kai shekara ba yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar da ke yin sau 40 ko fiye, maganin amoksisilin yake buƙata a ranar, idan kuma abin ya tsananta sai gado da iskar oksijin. Mun ga yadda aka yi rububin ƙwayoyin zink a shagunan magani lokacin annobar korona, alhali gwajin da aka yi a Amurka aka wallafa a 2021 bai nuna ya rage wa masu cutar kwanakin jinya ba. Yawan shansa yana kawo amai, idan aka daɗe kuma yana hana jiki shan sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, wanda rashinsa ke haifar da ƙarancin jini. Haka nan zink ba zai maye gurbin allurar rigakafin ciwon huhu da Najeriya ta fara a Disambar 2014 ba, ko ta penta mai kare cututtuka biyar, ko ta ƙyanda, kuma ba zai kawar da hayaƙin itace daga ɗakin da jariri ke kwana ba.

Dalilin da ya sa yaranmu ke rasa zink yana cikin tukunya. Gero da dawa da masara da wake duk suna ɗauke da shi gwargwado, sai dai suna ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet wanda ke kama zink a cikin hanji ya hana jiki sha. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda abincinsa hatsi ne kusan zalla yana shan kimanin kashi 15 cikin ɗari na zink ɗin da ya ci, wanda ke samun nama da kifi kuwa yana iya shan kusan rabi. Nonon uwa yana wadatar da jariri a watanni shida na farko, amma zink ɗin da ke cikinsa yana raguwa sosai da tafiyar watanni, kuma binciken 2018 ya nuna kashi 29 ne kawai na jariranmu ke samun nono zalla a wannan lokaci. Bayan wata shida, a daidai lokacin da ya kamata abinci ya cike giɓin, abin da ake ɗura wa yaro shi ne tsararon koko, wanda ke cika ciki ba tare da ya kai abin kirki jiki ba. Hanta da nama da kifi, waɗanda su ne suka fi zink mai saurin shiga jiki, sun fi ƙarfin aljihun magidanta da yawa a wannan tsadar rayuwa, kuma a gidan da aka samu ɗan tsoka, kwanon maigida take fara sauka. Ƙwan da kaza ta saka kasuwa ake kai shi, a wasu gidajen ma har yau ana hana yara saboda camfin cewa yana koya musu sata.

Za a iya cewa ai dokar ƙasa ta tilasta wa masana'antu sanya zink a fulawa da garin masara. Haka ne, kuma abin a yaba ne, amma matar ƙauye a Gumel ko Illela ba daga buhun masana'anta take tuwo ba. Daga rumbu take ɗiba, ta surfa, ta kai injin niƙa na unguwa. Wannan doka ta fi amfanar mai cin burodi da taliya a birni, shi kuma yaron da ya fi buƙata ba ta isa gare shi.

Ranku ya daɗe, wuri mafi sauƙi da za ku fara shi ne inda zink ya riga ya samu gurbi, wato maganin gudawa. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ruwan gishiri da sukari da zink na kwana 10 zuwa 14 ga duk yaron da ke zawo, miligiram 20 a rana, ko 10 ga wanda bai kai wata shida ba. Hikimar tsawon kwanakin ita ce a mayar wa jiki abin da zawo ya kwashe, a kuma kare yaron na wata biyu zuwa uku masu zuwa. A yankin Matlab na Bangaladash, ƙauyukan da aka bi wannan tsari sun ga mace-macen yara, ban da na haɗari, sun ragu da kusan rabi. A Najeriya kuwa, binciken 2018 ya nuna yaran da suka samu haɗin biyun a lokacin gudawa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Cikin waɗanda suka samu ma, abin da muke gani shi ne da zarar zawo ya tsaya a kwana na biyu ko na uku, uwa ta ajiye sauran ƙwayoyin, kuma ba laifinta ba ne, domin babu wanda ya gaya mata cewa sauran kwanakin su ne ke gina garkuwar da za ta tare ciwon gaba. Wasu kuma suna dainawa saboda yaro ya yi amai. Wani babban gwaji a Indiya da Tanzaniya da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa miligiram 5 ko 10 suna aiki daidai da 20, kuma amai ya fi ƙaranci. Wannan magana ce da ya dace ku ɗauka zuwa taron Majalisar Lafiya ta Ƙasa domin a duba ƙa'idarmu. Kafin nan, ku tabbatar haɗaɗɗen kunshin zink da ruwan gishiri da sukari, wanda ya shiga jerin muhimman magunguna na duniya a 2019, bai yanke a asibitocin matakin farko ba, ta hanyar Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Ku kuma jawo masu kemis cikin horon, domin a ƙauyuka da unguwanni da yawa wurinsu uwa ke fara zuwa, kuma abin da suka saba miƙa mata shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da yaron bai buƙata.

Sai maganar abinci, wadda ita ce mai ɗorewa. Iyayenmu mata sun gaji dabarun da ke rage fayitet tun kafin a san sunansa: jiƙa hatsi ya kwana a zubar da ruwan, barin gasara ta yi tsami, tsirar da gero ko dawa kafin a shanya a niƙa. Abin da ya rage shi ne a gaya musu amfanin abin da suke yi, a kuma nuna musu yadda za a yi kunu mai kauri a zuba masa garin gyaɗa ko waken suya ko riɗi, da dakakken busasshen kifi ko fara, da ɗan yankin hanta ko da sau ɗaya ne a mako. Wannan darasi na ranar awo ne da ranar rigakafi, na ungozoma da malamar Islamiyya da gidan rediyo, kuma dole ya kai kunnen magidanta, tunda su ke cefane. A nan hakimai da dagatai da limaman Juma'a za su yi muku aikin da takarda ba za ta yi ba. Ga gidajen da ko wannan ya gagara, akwai garin sinadarai da ake barbaɗawa a abincin yaro da kuma ɗan kunshin gyaɗa na kariya, dukansu da zink a ciki, kuma Asusun Ciyar da Yara na UNICEF yana ninka duk kuɗin da jiha ta zuba domin sayensu. Masu juna biyu ma a ba su ƙwayar sinadarai masu yawa, wadda ke da miligiram 15 na zink.

Ina kuma roƙon ku zauna da takwarorinku na ma'aikatun gona. A Jamhuriyar Nijar an fitar da irin gero mai suna Chakti a 2018, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta samar, mai yawan sinadarin ƙarfe da zink kuma mai saurin nuna. A Turkiyya, tun shekarun 1990 aka gano ƙasar noman tsakiyar Anatoliya ba ta da zink, aka ƙara shi a takin zamani, amfanin gona ya ƙaru, ƙwayar alkamar ma ta ƙara zink. Jihohin da ke raba iri da taki kowace damina suna da hanyar kai zink gidan da fulawar masana'anta ba ta zuwa.

Abu mafi nauyi da nake nema shi ne gwaji a ƙasarmu. Yawancin hujjojin da na kawo daga kudancin Asiya suke, kuma babban gwajin da aka yi a tsibirin Pemba na Zanzibar, wanda aka wallafa a 2007, ya sami raguwar mace-mace kaɗan ne a jimlace, sai a yaran da suka haura shekara ɗaya aka ga bambanci mai ma'ana. Don haka ba na kiran a fara raba wa kowane yaro ƙwaya gobe. Ina kiran a zaɓi 'yan ƙananan hukumomi inda tsumburewa ta fi tsanani, a auna zink a jinin yara, a ba wasu kariya ta mako-mako daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen hunturu, a ƙirga ciwon huhu da ma'auni ɗaya, a fito da sakamakon fili ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da asibitocin koyarwarsu, suna da ƙwararrun da za su riƙe wannan aiki. Ma'aikatan da ke bin gida-gida kowane wata da damina suna ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sun riga sun san kowace ƙofa, kuma iyaye sun saba da su.

Ranar 12 ga Nuwamba ce Ranar Yaƙi da Ciwon Huhu ta Duniya, kuma tana zuwa ne a daidai lokacin da jihohi ke kammala kasafin kuɗin sabuwar shekara. Ina roƙon kowannenku ya sanar da jama'ar jiharsa a wannan rana yawan asibitocin matakin farko da ke da zink a ɗakin ajiyarsu, da adadin kuɗin da aka ware domin sayensa da horar da ma'aikata da masu kemis, da kuma ƙananan hukumomin da aka zaɓa domin gwajin. Allah Ya yi muku jagora, Ya ba yaranmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin lafiya a matakin farko, daga Arewa maso Yamma